Gyaran mota a gida: Abin da mai mota zai iya yi da hannunsa, da inda ya kamata ya dakata

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, lissafin riƙon mota ya sauya a Najeriya. Kimanin makonni biyu bayan haka Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma da yake kusan duk ƙarfe da robar da ke jikin mota daga waje ake shigo da su, sai farashin kayan gyara ya bi sahun na fetur. Ma'aikacin gwamnatin da a da yake miƙa wa makanike makulli ya wuce ofis ba tare da ya tambayi kuɗin aiki ba, yanzu sai ya tsaya an yi ciniki. Ɗan kasuwar da motarsa ce ke kai shi Kantin Kwari ko Singa kullum safiya ya fara ƙirga abin da gareji ke cinyewa daga ribar wata.

A irin wannan yanayi ne mutane da dama suka fara tambayar kansu ko akwai gyaran da za su iya yi a ƙofar gida. Akwai, sai dai ba irin wanda ake gani a bidiyoyin YouTube ba, inda Bature ke sauke inji a garejin gidansa mai cike da kayan aiki na miliyoyin Naira. Mafi yawan kuɗin da mai mota zai ceto a gida daga dubawa za su fito, wato gano matsala tun tana ƙarama kafin ta ci inji. Bayan dubawa akwai 'yan sauye-sauye masu sauƙi da ba su fi ƙarfin mai natsuwa ba. Daga nan sai iyakar da in aka ƙetare ta, abin da ake kasada da shi ya wuce kuɗi.

Motar jiya da motar yau

Iyayenmu da suka tuƙa Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga shekarar 1975, sun ji daɗin wani abu da muka rasa. Injinta a buɗe yake, kabireta ce ke haɗa iska da fetur, kuma mutum mai sifana da sukudireba da kunne mai kyau yana iya daidaita ta a gindin bishiya. Motocin da suka cika titunanmu a yau, irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord da Peugeot 406, kwamfuta ce ke auna musu iska da fetur, tana karɓar bayanai daga na'urori masu yawa da aka dasa a jikin inji. Tsohon wayon nan na “bari mu ɗan murɗa mu gani” yana iya jawo asara a irin wannan mota.

Saboda haka kayan aiki na farko shi ne littafin da kamfani ke bayarwa tare da mota. Yawancin motocin da ake shigo da su na hannu ba sa zuwa da shi, amma kamfanoni da dama sun sa shi kyauta a intanet, in dai mutum ya san samfurin motarsa da shekararta. A cikinsa ake samun irin baƙin man da ya dace, da yawansa, da iskar taya, da taswirar fiyus, da wurin da ake sa jak. Mutum ya ba shi maraice guda ya karanta, zai yi mamakin abubuwan da ya daɗe yana biyan kuɗi a kansu alhali a rubuce suke.

Sauran kayan ba su da yawa: jerin sifanoni, musamman masu lamba 10 da 12 da 14 da 17 waɗanda motocin Japan suka fi amfani da su, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, tocila, safar hannu, ma'aunin iskar taya, da ƙaramar mita ta gwajin wuta. Wanda ya yi niyyar shiga ƙarƙashin mota kuwa, tilas ne ya ƙara da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Za mu dawo kan wannan, domin a nan ake rasa rayuka.

Baƙin mai

In da za a ce mai mota ya koyi abu guda kawai, to ya koyi duba baƙin mai. A ajiye motar a wuri mai daidai, a kashe inji, a jira mintuna biyar zuwa goma man ya koma ƙasa. A zaro sandar awo, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, sannan a sake zarowa. Akwai alamomi biyu a kanta, kuma ana so man ya tsaya a tsakaninsu, kusa da ta sama. A motoci da yawa tazarar alamomin nan kusan lita ɗaya ce. Cika mai har ya wuce alamar sama ba gata ba ne ga inji, domin yana sa man ya yi kumfa, ya kuma matsa wa robobin da ke tare shi har su fara yoyo.

Launi ma yana magana. Baƙi ba laifi ba ne, aikin man ke nan ya kwashe datti. Amma in aka ga ya yi kamar shayi mai madara, akwai alamar ruwa na shiga cikinsa, kuma sau da yawa gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. Wannan ba aikin gida ba ne, kuma bai kamata a ci gaba da tuƙa motar ba.

Akwai wata fahimta da ta yi ƙarfi a garejinmu, cewa tunda ƙasarmu akwai zafi, mai kauri irin 20W-50 shi ya dace da kowace mota. Wannan ya yi daidai da injinan da, da kuma wasu tsofaffin injina da suka riga suka saki. Amma injinan zamani an yi su da ƙananan hanyoyin mai, kuma wasu sassansu, irin tsarin VVT-i na Toyota, da ƙarfin turin mai suke aiki. Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008, alal misali, 5W-30 kamfani ya rubuta mata. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana lokacin da inji yake a sanyaye, ta biyun kuma kaurinsa bayan inji ya yi zafi. Sau da yawa an rubuta lambar a kan murfin da ake zuba man. Mai mota ya bi abin da ke murfin ko littafi, ko da makanike ya ɗan ɓata rai.

Juyen mai shi ne babban aikin da yawancin masu gyara a gida ke farawa da shi, kuma bai fi ƙarfin mutum ba. Ana ɗumama inji na 'yan mintuna domin man ya yi saurin zuba, a kashe, a sa roba mai faɗi a ƙarƙashi, a kwance notin magudana, a bari ya tsiyaye. Sai a cire tsohuwar filta, a tabbatar zoben robarta bai maƙale a jikin inji ba, domin in aka ɗora sabuwa a kan tsohon zobe, man zai fesu waje cikin minti kaɗan. A shafa ɗan sabon mai a zoben sabuwar filtar, a ɗaure ta da hannu kawai. A mayar da noti, a zuba mai gwargwadon littafi, a tayar da inji na minti ɗaya, a leƙa ko akwai ɗiga, a kashe, a sake aunawa.

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne ɗaure notin da ƙarfin tsiya. Ni kaina na taɓa yin sa wata Asabar da safe, ina ganin ƙarin murɗa ɗaya ba zai yi lahani ba. Sai na ji sifana ta yi laushi a hannuna. Zaren ramin ya cinye, kuma kuɗin da na biya aka gyara shi, haɗe da na janyo motar, ya ninka kuɗin aikin da na so in ceto sau da yawa. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Notin nan yana buƙatar ya zauna daram, a ƙara masa ɗan matsi kaɗan, shi ke nan.

Game da tazarar juye, a lura da abu biyu. Kamfanoni suna da jadawali na tuƙi a yanayi mai sauƙi da na yanayi mai tsanani, kuma ƙura da zafi da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye duk suna cikin mai tsanani. Wato tuƙin yau da kullum a Kano ko Kaduna ko Maiduguri yana cikin wannan rukuni, kuma a nan kamfanoni da dama suna rage tazarar da kusan rabi. Na biyu, motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Wanda ya ɗauka kilomita agogonsa ke nunawa zai riƙa wuce lokacin juye bai sani ba.

Jabun baƙin mai ya yi yawa a kasuwa, har Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, takan kama shi lokaci zuwa lokaci. Ɗaya daga cikin manyan ribar juye a gida ita ce mutum ya sayi mansa da hannunsa daga gidan mai ko dilan da ya amince da shi, ya ɓalle hatimin galan da kansa. Tsohon man kuma kada a zuba shi a kwata ko a tsakar gida. Yana nutsewa cikin ƙasa, kuma yawancin unguwanninmu da rijiya da burtsatse suke sha. A mayar da shi cikin galan, a kai wa masu gareji.

Ruwa da zafi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, motoci da yawa ke tsayawa a bakin hanya da bonet a buɗe. Dubawar a nan mai sauƙi ce. Da safe kafin a tayar da mota, a kalli ƙaramar robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto, a ga ko ruwan yana tsakanin alamominta biyu. A matsa manyan tiyo na roba a ji ko sun bushe, ko sun kumbura, ko sun yi laushi fiye da kima.

Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin yana riƙe matsi ne domin ruwan ya iya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an sassauta shi, matsin ya tafi, ruwan zai tafasa nan take ya feso fuska da hannu. Duk wanda ya daɗe yana zirga-zirga a gareji ya ga mai tabon wannan ƙuna. In allurar zafi ta hau ana cikin tafiya, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a nemi gefe a tsaya, a kashe inji, a jira aƙalla rabin awa. Taurin kan “bari dai in ƙarasa gida” shi ke mayar da matsalar tiyo ta zama ta sauke kan inji.

Mutane da yawa ruwan famfo ko na leda suke zubawa. A halin gaggawa babu laifi, amma in ya zama al'ada, tsatsa da gishirin ruwa za su toshe lagireto, su cinye famfon ruwa. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa mai launin kore ko ja yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, kuma yana ɗaga matakin tafasa. A kiyaye shi daga yara da dabbobi, domin yana da ɗan zaƙi kuma guba ne.

Akwai kuma al'adar cire tamostat, wato ƙaramin bawul da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya kai zafin da ake so, da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ana cewa an yi shi ne domin ƙasashe masu ƙanƙara. A gaskiya an tsara inji ya yi aiki a wani matakin zafi, kusan digiri 90, kuma in ya daɗe bai kai ba, kwamfuta za ta ci gaba da ba shi fetur mai yawa kamar yanzu aka tayar da shi. A farashin fetur na yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ke zafi tana da dalili, kuma cire tamostat ɓoye dalilin yake yi.

Ƙura

Filtar iska ita ce aikin da ya fi kowanne sauƙi. Tana cikin akwatin roba mai maɓallai ko 'yan sukurori. A ciro ta a ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsa ta, lokacin sauyawa ya yi. Bayan kowane hunturu ya kamata a duba ta. Hura mata iska mai ƙarfi a wajen mai faci yana iya yaga takardar ta yadda ido ba zai gani ba, daga nan ƙura ta samu hanya zuwa cikin inji. Motoci da yawa suna da filta ta biyu a bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, wadda ke tace iskar cikin mota. Sau da yawa in aka ji sanyi ya ragu, ita ce ta toshe, ba gas ne ya ƙare ba. Robar waifa ma minti biyu ne aikinta, kuma gara a sauya ta kafin ruwan farko ya sauka, tunda rana ta riga ta gasa ta.

Batir da fiyus

Zafi yana rage wa batir kwana fiye da yadda ake zato. Da ƙaramar mita mutum zai san halin da yake ciki. Batir mai cikakken caji, mota a kashe, yana nuna kusan volt 12.6. In ya sauka kusa da 12.2, kusan rabinsa ya tafi. In inji na aiki kuma, ana so a ga tsakanin 13.5 da 14.7, alamar altaneta na caji. Da waɗannan lambobi uku mutum zai iya bambance batirin da ya mutu da altanetar da ta daina aiki, kafin a sa shi sayen abin da ba shi ne ya lalace ba.

Farin garin nan ko shuɗi da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, kuma yakan sa a zaci batir ya mutu. Ana wanke shi da bekin soda da ruwa da tsohon buroshi. Wajen cirewa ana fara kwance wayar da ke da alamar ragi, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne dukkan ƙarfen jikin mota a haɗe yake da wannan ɓangare, don haka in aka fara da mai alamar tarawa, sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a fara, kuma kada a kusanto da sigari.

Abu biyu da aka saba gani a titunanmu ya kamata a daina su. Na farko, cire kan batir inji na aiki domin a gwada altaneta. Na biyu, tayar da mota da batirin aro sannan a cire shi a mayar da na motar inji bai mutu ba. A zamanin kabireta ana tsira da haka. A motar yau, wutar da ke tsalle a wannan daƙiƙa tana iya ƙona kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Igiyar haɗa batir da batir ba ta da tsada, kuma ita ce hanyar da ta dace.

In rediyo ko hon ko wata fitila ta ɗauke farat ɗaya, a fara da akwatin fiyus. Launi yana nuna ƙarfinsa: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20. A mayar da irin wanda aka cire daidai. In sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa jiki a wani wuri, sai a nemi mai gyaran waya. Naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus yana cikin abubuwan da ke sa mota ta kama da wuta ana tsaka da tafiya.

Taya da jak

Iskar da ta dace da taya an rubuta ta a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma ga ƙananan motoci yawanci tana tsakanin 30 da 35 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Masu faci da yawa suna cika 45 ko 50, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ke cinyewa, kuma riƙon hanya ya ragu. In ta yi kaɗan, tayar na ɗaukar zafi, tana cin fetur, kuma ita ce ke fashewa a babbar hanya. A auna da safe tayar na sanyi, a haɗa da safaya, wadda aka fi mantawa da ita sai ranar da aka neme ta.

Taya tana da ranar haihuwa. A ƙarshen jerin rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wato 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi. Zanen taya kuma in zurfinsa ya ragu zuwa milimita 1.6, ta gama aiki.

Sauya taya ya kamata duk mai tuƙi ya iya, mace ko namiji, kuma gara a gwada shi a gida da rana kafin a gamu da shi da daddare a hanyar Abuja zuwa Kaduna. A ja birkin hannu, a sa dutse a tayar da ke ɗaya kusurwar, a sassauta notina tun motar na ƙasa, sannan a ɗaga ta a daidai wurin da littafi ya nuna. A tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen motar domin kariya. Wajen ɗaurewa a riƙa tsallake noti ɗaya zuwa na gabansa, a kammala matsewa bayan an sauke motar.

Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne domin sauya taya kawai. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na daƙiƙa goma ne. Ƙaramar mota ta haura tan ɗaya, kuma jak yana zamewa a kan yashi, yana nutsewa a ƙasa mai laushi. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, domin ba ya gargaɗi kafin ya farfashe. Wanda ba shi da ƙafafun ƙarfe da daɓen siminti mai daidai, ya bar duk aikin ƙarƙashin mota ga gareji mai rami, har da juyen man da muka yi bayani a sama. Haka nan kada a bar inji na aiki a rufaffen gareji. Hayaƙinsa irin na janareta ne, wanda ke kashe iyali guda a dare ɗaya, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari.

Fitilar da ke nuna hoton inji

Dukkan ƙananan motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu amfani da fetur a Turai tun daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD. Akwai ƙaramar na'ura da ake cusa mata, ta haɗu da wayar hannu, ta karanto abin da kwamfuta ke kuka da shi. Lambar P0300 na nufin inji na tsallake ƙuna, P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa, P0420 kuma tana nuni ga matatar hayaƙi da ke cikin salansa.

Lambar tana nuna unguwar da matsala take, ba ta nuna gidan. P0171 tana iya fitowa daga tiyon da ya tsage, ko na'urar auna iska da ta yi datti, ko famfon fetur da ya gaji. Wanda ya ga lamba ya ruga kasuwa ya sayo na'ura, yakan sayi uku kafin ya dace. Amfaninta shi ne mutum ya shiga gareji da masaniya. Goge lambar ba gyara ba ne, balle cire ƙwan fitilar gaba ɗaya kamar yadda wasu masu sayar da mota ke yi. Mai sayen mota ta hannu ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya ga ko fitilar ta kama. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. In kuwa tana ƙyaftawa ana cikin tafiya, matsalar mai tsanani ce, a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Inda ya kamata a dakata

Birki ana duba shi a gida, amma gyaransa na gwani ne. A kalli matakin mansa a ƙaramar robar da ke bayan inji. In yana sauka a hankali, takalman birki ne ke cinyewa, in kuma ya sauka da sauri akwai yoyo, kuma bai halatta motar ta fita ba. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk shekara biyu, kuma shi ya sa ba a amfani da ragowar kwalbar da ta daɗe a buɗe. Kuskure a baƙin mai inji zai ci. Kuskure a birki yana iya cin ɗan makarantar da ke tsallaka titi.

A wannan sahu akwai sitiyari da ƙafafun mota, da bel ɗin da ke daidaita bugun inji a motoci irin su Peugeot 406, da giya mai sarrafa kanta, da layukan fetur, da gas ɗin na'urar sanyi. Wayoyi masu kan rawaya na jakar iska ce ta kariya, kada a taɓa su ko da mita. A motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, manyan wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura volt 200. Sai kuma abin da ya yaɗu bayan cire tallafi, wato mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG. Tukunyarta tana riƙe matsin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, don haka tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta da wuri a wannan aiki. Cibiyoyin da aka amince da su kaɗai ya kamata a je. Wanda motarsa sabuwa ce mai garanti kuma ya karanta sharuɗɗan kafin ya sa mata sifana.

Mutumin da ya san motarsa zuwa wannan mataki, zamansa da makanike ma yana sauyawa. Maimakon ya ce “mota tana wani irin ƙara”, zai iya cewa ƙarar daga gaba ta hagu take, in an taka birki, kuma da safe ta fi yawa. Makanike na ƙwarai yana jin daɗin irin wannan bayani, domin yana rage masa lalube. Yana da kyau a ajiye ƙaramin littafi a mota, a riƙa rubuta ranar kowane aiki da abin da agogon tafiya ke nunawa da kuɗin da aka kashe. A nemi a ga duk abin da aka ce an sauya. In za a sayo kaya a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a tafi da tsohon a hannu, tare da lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, domin motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta a kayan ciki in ɗaya ta Amurka ce ɗaya ta Turai.